Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Waiwaye kan Lasisin Dungeons & Dragons da Haƙƙin Ƙananan Mawallafa

Akwai wani wasa da ya samo asali a Amurka wanda da baki ake yin sa. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir, ɗaya daga cikinsu kuma shi ne jagora mai riƙe da zaren labari. Sai ya ce: "Kun iso bakin wani kogo, ƙofar ƙarfe a rufe, ana jin gurnani daga ciki. Me za ku yi?" Wanda ya fito a matsayin jarumi ya ce zai sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Jagora ya umarce shi ya jefa dayis, irin na wasan lido amma mai fuska 20. Idan lambar da ta fito, haɗe da ƙarfin da aka rubuta wa jarumin a takarda, ta kai adadin da jagora ya yanka, ƙofa ta ɓalle. Idan ba ta kai ba, kafaɗa ta sha wuya, dodon da ke ciki kuma ya farka.

Wannan shi ne Dungeons & Dragons, wanda masu buga shi ke kira D&D. Littafin da ake saya ƙa'idoji kawai yake bayarwa, da jerin dodanni da makamai da sihirce-sihirce. Labarin kansa 'yan wasa ne ke ƙirƙira shi, don haka duk jagora marubuci ne: yana zana taswira, yana raɗa wa garuruwa suna, yana ƙago sarakuna da abokan gaba. Wanda ya ƙware kuwa dole wata rana ya so ya buga abin da ya rubuta ya sayar. Daga nan tambaya ta taso, kuma an shafe shekara 50 ana kokawa da ita: abin da mutum ya ƙirƙira da hannunsa a kan ƙa'idojin wani, na wane ne?

Zamanin TSR: izini a hannu ɗaya, sammaci a ɗayan

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a 1974, ta wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wiskonsin. Bugun farko kwafi 1,000 ne, 'yan littattafai uku a cikin kwali. Ba a yi nisa ba, a 1976, Bob Bledsaw da Bill Owen suka nemi izinin TSR don su riƙa buga taswirori da labaran da za a yi wasan da su. Aka ba su, suka kafa Judges Guild, kuma kayansu suka shiga hannun dubban jagorori. Amma izinin na kamfani ne, shi ke bayarwa shi ke karɓewa. Da TSR ya ga akwai kuɗi a irin waɗannan littattafai ya shiga buga nasa gadan-gadan, a farkon shekarun 1980 kuma dangantakar ta yanke.

Dokar Amurka a kan wannan batu ta daɗe da zama. Tun 1879, a shari'ar Baker da Selden wadda ta shafi wata dabarar rubuta lissafin kuɗi, Kotun Ƙoli ta bambanta tsakanin dabara da kalmomin da aka bayyana ta da su. Haƙƙin mallaka yana kare kalmomi da zane, ba ya kare dabarar. Ke nan babu wanda ya mallaki tsarin jefa dayis a haɗa da lamba. Sai dai a littafin wasa, gane inda dabara ta ƙare kalmomi suka fara aiki ne na lauyoyi, lauya kuwa ba ya aiki kyauta. Mawallafin da jarinsa bai wuce kuɗin bugu ɗaya ba, ko gaskiya na gefensa, kuɗin shari'a kaɗai ya isa ya durƙusar da shi kafin a yanke hukunci.

TSR ya san da haka, ya kuma yi amfani da shi. Ya ja kamfanin Mayfair Games a kan jerin littattafansa na Role Aids, aka sasanta a 1984, aka sake komawa kotu a farkon shekarun 1990, ƙarshenta TSR ya saye jerin gaba ɗaya. Su kansu iyayen wasan ba su tsira ba. Arneson sai da ya kai ƙara a 1979 a kan kasonsa, aka sasanta a 1981. Gygax ya rasa ikon kamfanin a 1985, da ya rubuta wani sabon wasa mai suna Dangerous Journeys a 1992 kuma TSR ya maka kamfanin GDW da ya buga shi a kotu. A 1994, lokacin da intanet ke rarrafe, kamfanin ya bi masoya wasan da takardun gargaɗi saboda sun ɗora dodanni da labaran da suka rubuta don a karanta kyauta. Mutanen da suka fi kowa sayen kayansa su ya mayar abokan gaba.

Zuwa ƙarshen 1996 bashi ya yi wa TSR katutu, har ya kasa biyan maɗaba'a. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast na jihar Washinton, wanda ya yi arziki da wasan kati na Magic: The Gathering, ya saye shi. Shugaban Wizards, Peter Adkison, ya ɗanɗana irin wannan azaba da kansa. A 1992 kamfanin Palladium Books ya kai Wizards ƙara saboda wani littafinsu ya ƙunshi bayanin yadda za a yi amfani da shi a wasan Palladium, kuma saura ƙiris shari'ar ta kashe kamfanin tun yana jariri. Waɗanda suka karɓi D&D a 1997 sun san yadda takardar lauya take a hannun ƙaramin mawallafi.

Shafi guda da ya buɗe kasuwa

Wanda aka ɗora wa alhakin wasan a Wizards shi ne Ryan Dancey, wanda ya taimaka wajen ƙulla cinikin TSR, ya kuma ga tulin littattafan da suka yi kwantai a rumbun ajiyarsa. Abin da ya fahimta shi ne ribar tana cikin babban littafin ƙa'idoji da kowane ɗan wasa ke buƙata. Littattafan labarai kuwa jagora kaɗai ke saye, mutum ɗaya a tebur, ga wahalar rubutu ga ƙarancin riba. To me zai hana a bar wasu su buga waɗannan, tunda duk wanda ya saya zai nemi babban littafin? Ya kuma yi la'akari da cewa darajar wasa tana ƙaruwa da yawan masu buga shi, domin mutum yakan koyi wasan da zai samu abokan yi. Samfurin lasisin ya ɗauko shi daga duniyar manhajar kwamfuta ta kyauta, musamman lasisin GNU na Richard Stallman. Yana da wani buri kuma da ya sha faɗa daga baya: kada D&D ya sake zama fursunan kamfani ɗaya, ya mutu idan kamfanin ya mutu.

A 1999 babban kamfanin kayan wasan yara, Hasbro, ya saye Wizards a kan kimanin dala miliyan 325, amma shirin bai tsaya ba. A 2000, tare da bugu na uku na wasan, aka fito da takardu uku. Ta farko ita ce SRD, kundin ƙa'idojin da aka ware don kowa ya ɗiba. Ta biyu ita ce Open Game License, wadda ake taƙaitawa OGL, samfuri mai lamba 1.0a, wadda ta ba da izinin ɗibar. Ta uku lasisin tambarin d20 ne (d20 shi ne dayis ɗin nan mai fuska 20), wanda ke ba mawallafi damar manna wata alama a bangon littafinsa don mai saye ya gane da wane wasa yake tafiya. Wannan ta ukun tun farko Wizards ya riƙe ikon canza ta ko janye ta.

Duk wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan littattafai ya san shafin OGL. Yana can ƙarshen littafi, da ƙananan haruffa, kalmomi wajen 900 a sashe 15. Sashe na 4 ya ba da izini na dindindin, a ko'ina a duniya, ba tare da biyan ko kwabo ba. Sashe na 9 ya ce Wizards na iya fitar da sabon samfurin lasisin, amma mawallafi na da damar amfani da duk samfurin da aka amince da shi. Sashe na 15 kuwa jerin sunaye ne: dole ka rubuta duk littafin da ka ɗebi wani abu daga cikinsa, da marubutansa da shekararsa, sannan ka ƙara naka a ƙasa. Wanda ya ɗiba daga gare ka shi ma ya kwafe jerin duka ya ƙara nasa. A wasu littattafan jerin yakan fi lasisin kansa tsawo, ka ga sunan babban kamfani a sama, a ƙasansa sunan wani da ya yi rubutu a ɗakinsa bayan ya taso daga aiki. Babu takardar cikewa, babu ofishin zuwa, babu wanda za a roƙa.

Su ma mawallafa sun ba da nasu. Wanda ya karɓi OGL ya yarda ba zai taɓa abin da aka keɓe ba, kamar sunayen wasu fitattun dodanni da ƙasashen almara na kamfanin, kuma ya yarda ba zai rubuta sunan Dungeons & Dragons a bangonsa ba, ko da don ya nuna littafinsa na tafiya da shi. Masana doka da dama na ganin wannan na biyun abu ne da doka za ta iya ba shi dama ko babu lasisi. Ya sarayar da wani yanki na 'yancinsa ya sayi kwanciyar hankali, wato tabbacin ba za a kai shi kotu ba. Ciniki ne, kowane ɓangare ya ajiye abu ya ɗauki abu.

A babban taron masu wasanni na Gen Con na watan Agustan 2000, ranar da sabon littafin ƙa'idoji ya fito, an riga an baje Death in Freeport na Chris Pramas daga kamfanin Green Ronin, da Three Days to Kill daga Atlas Games. Littafin dodanni na Sword & Sorcery Studios, Creature Collection, har riga na Wizards fitowa ya yi. Cikin shekara biyu kasuwa ta cika maƙil, mai kyau da marar kyau duk sun hau kanta ɗaya. A 2003 Wizards ya sake fasalin ƙa'idojin zuwa bugu na 3.5, kayan da ke shaguna suka tsufa dare ɗaya, kamfanoni da yawa suka rufe. A shekarar ce kuma wani kamfani ya shirya littafi mai batsa da tambarin d20, sai Wizards ya ƙara sharaɗin kiyaye mutunci a lasisin tambarin. Littafin ya fito duk da haka, babu tambari, a ƙarƙashin OGL kaɗai. Mawallafa suka ga bambancin da idonsu: tambari na kamfani ne, OGL kuwa ya fita daga hannunsa.

Wizards da kansa ya ƙarfafa wannan fahimta. A bayanin tambaya da amsa da ya wallafa, wanda aka fi ambaton na 2004, ya ce ko da ya canza lasisin ta hanyar da mutane ba su so, suna iya ci gaba da amfani da tsohon. A kan wannan magana mutane suka yi gini. Green Ronin ya fitar da Mutants & Masterminds a 2002. Masu kewar tsofaffin bugun TSR da aka daina bugawa suka yi amfani da SRD suka sake gina su: OSRIC da Basic Fantasy a 2006, Labyrinth Lord a 2007, Swords & Wizardry a 2008. Wasannin da ba su haɗa komai da D&D ba, irin su Fudge da Fate da Traveller, su ma suka ari takardar don su buɗe nasu ƙa'idojin. Lasisin kamfani ɗaya ya zama na sana'a gaba ɗaya.

Yunƙurin farko na rufe ƙofa

Dancey da Adkison sun bar Wizards tun farkon shekarun 2000. Da bugu na huɗu ya zo a watan Yunin 2008, sababbin shugabanni ba su sa shi a OGL ba. Suka kawo wani lasisi mai suna GSL, wanda bai yarda a kwafi ƙa'idoji ba sai dai a yi nuni gare su, wanda kamfani ke iya canzawa ko sokewa, kuma wanda ya ce duk jerin littattafan da aka mayar ƙarƙashinsa ba za a sake buga shi da OGL ba. An sassauta wannan sharaɗi na ƙarshe a 2009, amma a lokacin bakin alƙalami ya bushe.

Kamfanin Paizo na Lisa Stevens, wadda tana cikin ma'aikatan Wizards na farko, shi ke buga mujallun Dragon da Dungeon da izinin Wizards tun 2002. A 2007 aka ƙi sabunta izinin, kamfanin ya wayi gari babu abin da ya dogara da shi. A watan Maris na 2008 ya sanar cewa zai ɗauki ƙa'idojin 3.5 da ke cikin SRD ya gyara su ya fitar da nasa wasan, Pathfinder, ƙarƙashin jagorancin Jason Bulmahn. Aka saki daftarin kyauta, mutum fiye da 50,000 suka sauke shi don gwaji, littafin ya fito a Agustan 2009. Daga 2011 zuwa 2014, a ƙididdigar da kafar ICv2 ke yi ta cinikin shagunan wasanni, Pathfinder ne ke kan gaba, D&D na biye. Abin da Dancey ya tsara ya tabbata: kamfani ya juya wa wasan baya, wasan ya ci gaba da rayuwa a wani gida. Abin lura a nan shi ne ko a wannan yanayi na asara Wizards bai yi iƙirarin yana da ikon soke OGL ba.

Bugu na biyar ya fito a 2014, kuma littattafan labaransa na farko ma wani kamfanin waje ne ya rubuta su, Kobold Press na Wolfgang Baur. A Janairun 2016 Wizards ya dawo kan tsohuwar hanya, ya saki sabon SRD ƙarƙashin OGL 1.0a. Ya kuma buɗe wata kasuwar intanet mai suna Dungeon Masters Guild, inda marubuci ke iya amfani da ƙasashen almara na kamfanin kamar Forgotten Realms, ya karɓi rabin kuɗin ciniki, bisa sharaɗin ba zai sayar da aikin a wani wuri ba. Hanya ta zama biyu, kowa ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Shekarun da suka biyo baya su ne na bunƙasar da wasan bai taɓa gani ba. Shirin Critical Role, inda Matthew Mercer da abokansa ke buga wasan a gaban kyamara, ya fara a 2015. Fim ɗin Stranger Things mai dogon zango, wanda yaran cikinsa ke buga wasan, ya zo a 2016. Mawallafa suka koma tara jari ta karo-karo a dandalin Kickstarter, inda masu saye ke biya tun kafin a buga littafi. A 2018 Matt Colville ya tara fiye da dala miliyan 2 don littafinsa Strongholds & Followers. A 2022 Hasbro ya saye dandalin D&D Beyond a kan dala miliyan 146.3, a watan Disamba kuma shugabar Wizards ta lokacin, Cynthia Williams, ta shaida wa masu zuba jari cewa ba a samun kuɗi daga wasan yadda ya kamata.

Janairun 2023

Ranar 21 ga Disamba 2022 Wizards ya sanar cewa sabon samfuri, OGL 1.1, na tafe: wanda cinikinsa ya haura dala 50,000 a shekara zai riƙa ba da rahoto, wanda ya haura 750,000 zai biya kaso, kuma waɗannan ba su kai 20 ba. Ranar 5 ga Janairu 2023 Linda Codega ta kafar io9 ta Gizmodo ta fallasa abin da takardar ta ƙunsa. Shafi guda ya koma kalmomi fiye da 9,000.

Kason shi ne 25 cikin 100 na abin da ya haura dala 750,000, ko 20 idan ta Kickstarter aka tara, kuma a kan kuɗin da ya shigo ake lissafawa, ba a kan riba ba. A ɗauka kamfani ya tara dala miliyan 1. Rarar da ke sama da iyakar 250,000 ce, zai miƙa 62,500, ko 50,000 ta Kickstarter. Amma daga cikin miliyan ɗin nan ne za a biya marubuta da masu zane da editoci, a biya maɗaba'a, a biya jirgin ruwa da rumbun ajiya da kason dandali. A sana'ar da ribar littafi sau da yawa ba ta kai rubu'in farashinsa ba, duk kwafin da aka sayar bayan an tsallake iyakar zai iya zama asara. Nasara ita ce za ta zama abin tsoro.

Sauran sharuɗɗan sun fi shafar kowa. Duk abin da mawallafi ya ƙirƙira, Wizards zai samu izinin amfani da shi har abada, ta kowace hanya, ba tare da biya ba. Kamfanin na iya canza yarjejeniyar ko ya yanke ta da sanarwar kwana 30. Izinin ya taƙaita ga littattafan takarda da makamantansu na kwamfuta, ban da manhajoji. Sai babban dutsen: takardar ta ayyana cewa OGL 1.0a ya daina zama samfurin da aka amince da shi. Hujjar ta rataya ne a kan cewa tsohon lasisin ya ce izinin na dindindin ne, amma bai ce ba a iya soke shi ba, kuma a wurin lauyoyin Amurka waɗannan abu biyu ne daban. Dancey ya fito fili ya ce ba a taɓa nufin kamfanin ya samu wannan iko ba, da an nufa da an rubuta. Mutanen da suka yi shekara 22 suna ɗaure da wannan zane suka ji ana cewa na aro ne, mai shi na nema.

Martanin ya zo da sauri kuma daga kowane ɓangare. Fiye da mutum 60,000 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa. 'Yan wasa suka yi ta soke rajistarsu ta biyan wata-wata a D&D Beyond, domin sun gane wannan ne ma'aunin da shugabanni ke dubawa. Ranar 10 ga wata Kobold Press ya ce zai gina nasa wasan. Ranar 12 Paizo ya ce bai yarda ana iya soke OGL ba, a shirye yake ya kare hakan a kotu, kuma zai ɗauki nauyin sabon lasisi mai suna ORC wanda babu kamfanin da zai mallake shi. Lauyan da zai rubuta shi, Brian Lewis na Azora Law, shi ne ya tsara OGL na asali. Mawallafa fiye da 1,500 suka mara baya. Paizo ya ce littattafan Pathfinder da ya tanada don wata 8 sun ƙare cikin mako 2.

Ranar 13 Wizards ya yi magana. Ya ce daftari ne kawai, kuma manufarsa ita ce hana amfani da wasan wajen yaɗa ƙiyayya, da toshe masu cinikin kayan dijital da ake kira NFT, da hana manyan kamfanoni cin moriyar abin da aka yi don ƙanana. Adalci ne a faɗa cewa damuwar farko ba ƙage ba ce, domin a 2022 kamfanin na cikin shari'a da wasu da suka farfaɗo da sunan TSR, yana zarginsu da shirya wasa mai ɗauke da wariyar launin fata. Amma babu ɗaya daga cikin dalilan uku da ke buƙatar a karɓe aikin marubuci kyauta, ko a rushe izinin da aka gina ɗaruruwan kamfanoni a kansa. Sanarwar ta janye kaso da batun karɓe aiki, ta yi shiru a kan sokewar, sannan ta ƙara da cewa kowa ya yi nasara. Wannan ya ƙara wa wutar mai.

Ranar 18 Kyle Brink, babban mai kula da wasan a lokacin, ya ba da haƙuri da sunansa, washegari aka fitar da daftarin OGL 1.2 don jin ra'ayi. Har yanzu yana soke 1.0a, ya kuma ba kamfanin shi kaɗai ikon yanke abin da ya zama rubutun ƙiyayya, ba tare da mawallafi ya iya ƙalubalanta ba. Mutum fiye da 15,000 suka amsa. Kashi 88 suka ce ba za su buga komai ƙarƙashinsa ba, kashi 90 suka ce sai sun canza yadda suke sana'arsu, kashi 89 suka ƙi amincewa da sokewar. Ranar 27 ga Janairu Wizards ya sauka gaba ɗaya: ya bar OGL 1.0a yadda yake, ya kuma saki dukkan SRD 5.1, wato kundin bugu na biyar, ƙarƙashin lasisin Creative Commons mai lamba BY 4.0.

Abin da aka samu, da abin da ya rage

Muhimmancin wannan mataki na ƙarshe shi ne Wizards ba shi ya rubuta lasisin Creative Commons ba, ba shi da ikon gyara shi, kuma a cikinsa an rubuta ƙarara cewa ba a soke shi. Sharaɗinsa guda ne mai nauyi, a ambaci mai asali. Dangin wannan lasisi ne Wikipedia ke amfani da shi, har da ta Hausa. Yau duk wanda ya so na iya fassara wannan kundi zuwa Hausa ko wani harshe, ya gyara, ya ƙara nasa dodanni da garuruwa, ya buga ya sayar, ba tare da neman izinin kowa ba. A watan Afrilun 2025 Wizards ya saki SRD 5.2 na sababbin ƙa'idojin 2024 ta wannan hanya.

Duk da haka waɗanda suka tsorata ba su koma gidan jiya ba. An kammala ORC a tsakiyar 2023, aka ajiye rubutunsa a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka don kada wani ya taɓa shi. Ya bambanta da BY 4.0 ta fuska ɗaya babba: wanda ya ɗebi ƙa'idoji dole ya bar nasa ƙa'idojin a buɗe ga na baya. A Nuwamban 2023 Paizo ya sake buga Pathfinder bayan ya tsefe shi layi-layi, ya cire ko ya canza sunan duk abin da ya gada daga SRD. Chaosium ya sa Basic Roleplaying a ORC. Basic Fantasy ya koma Creative Commons. Kobold Press ya fitar da Tales of the Valiant a 2024, kamfanin Colville ya tara fiye da dala miliyan 4 don wasan da ya zama Draw Steel, Kelsey Dionne kuma ta tara fiye da miliyan 1 don Shadowdark. An kashe kuɗi da watanni masu yawa wajen sake rubuta abin da ba shi da aibu, don kawai amana ta karye.

Kuskure ne a ɗauki labarin a matsayin na mugun kamfani ɗaya da nagartattu da yawa. A Yulin 2024 Paizo da kansa ya janye wata tsohuwar ƙa'idarsa da ke ba masoya damar yin kayan taimako na kyauta da sunayen Pathfinder, aka yi masa ca, ya mayar da ita a watan Agusta. Da yawa daga sababbin wasanni kowanne da nasa lasisin, wasu a buɗe sosai, wasu kamfani ya riƙe ikon canza su. Marubucin Dungeon Masters Guild har yanzu ba zai iya kwashe aikinsa ya kai wata kasuwa ba. Kundin bugu na uku, wanda dubban tsofaffin littattafai suka dogara da shi, ba ya cikin abin da aka saki ranar 27 ga Janairu. Kuma tambayar ko ana iya soke OGL 1.0a ba ta je gaban alƙali ba a wancan rikici. Kamfanin ya fasa ne, ba hana shi aka yi ba.

Ina ganin darasin waɗannan shekaru 50 a fili yake. Mutanen da suka rubuta OGL a 2000 da zuciya ɗaya suka rubuta shi, kuma sun cika alkawari muddin suna kan kujera. Amma ma'aikata na tafiya, kamfani na canza hannu, takarda kuma tana nan tana jiran wanda zai karanta ta da wata niyya. Abu biyu ne suka ceci ƙananan mawallafa a 2008 da 2023: suna da wani wurin zuwa, kuma masu saye sun tsaya tare da su. Sun cancanci wannan tsayawa, domin su ne suka riƙe wasan a shekarun da mai shi ya yi sakaci, su ne suka horar da marubutan da Wizards ya ɗauka aiki daga baya, su ne kuma suka cika teburori da labaran da suka sa mutane sayen babban littafin.

Saboda haka duk mai shirin gina sana'arsa a kan abin wani, littafi ne ko manhaja ko dandalin intanet, ya karanta takardar kafin ya zuba jari, ya nemi amsar tambayoyi uku. Wa ke da ikon canza ta? An rubuta cewa ba a soke ta? Idan aka rabu, aikina na biyo ni ko yana zama a can? Idan amsar ta farko ita ce wanda ya ba da izinin, to abin da ke hannunsa aro ne komai daɗewarsa, kuma ya kamata ya fara tanadin nasa tun ranar da ya sa hannu.